Giɓin Makamashi a Jikin Ɗan Wasan Juriya: Abin da Yake Yi wa Tsoka da Ƙwazo

Jikin ɗan Adam yana kashe makamashi ko da yana kwance. Zuciya na bugawa, huhu na shaƙar iska, ƙoda na tace jini, ƙwaƙwalwa na aiki, ana gyaran tsoka da ƙashi dare da rana, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana cin kalori. Ga mutumin da ba ya aikin ƙarfi, wannan hidima ta cikin jiki ita ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake kashewa a yini. Ɗan wasan juriya kuwa, wato mai gudun dogon zango da mai tseren keke da mai ninkaya da mai tseren tafiya da sauri, yana ɗora wa jikinsa wani nauyi a kan wannan, kuma nauyin ba ƙarami ba ne.

Mai gudu yana ƙona kimanin kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a duk kilomita ɗaya. Saboda haka mutum mai kilo 60 da ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42.195 ya kashe kusan kalori 2,500 a cikin 'yan sa'o'i, daidai da abincin yini guda na magidanci. Masu tseren keken Tour de France sun zarce haka nesa ba kusa ba. Awon da masana daga ƙasar Holan suka yi musu a shekarun 1980 ya nuna suna kashe kimanin kalori 6,000 a rana, a ranakun hawan tsaunuka kuma adadin kan doshi 8,000, ga shi ana shafe mako uku ana gasar. Cin abincin da zai biya irin wannan kashe-kashe shi kansa aiki ne, kuma da yawa daga cikin 'yan wasa ba sa iya cika shi. Idan abin da ya shiga ciki bai kai abin da ake bukata ba, an samu giɓin makamashi.

Masana sun daɗe suna auna wannan giɓi ta hanyar cire duk abin da jiki ya kashe daga duk abin da aka ci. Daga baya aka gano cewa wannan lissafi yana ɓoye muhimmin abu, sai aka koma wani. A sabon lissafin ana ɗaukar kalorin da aka ci, a cire abin da atisaye kaɗai ya ƙona, sannan a raba ragowar da nauyin jikin da ba kitse ba. Ragowar nan ita ce abin da zuciya da hanta da ƙashi da mahaifa da garkuwar jiki za su raba a tsakaninsu. A ɗauki misalin 'yar gudu mai kilo 55, wadda kilo 10 na jikinta kitse ne, saura kilo 45. Idan ta ci kalori 2,200 a yini, atisaye ya ƙona 900, abin da ya rage 1,300 ne. An raba shi da 45, kowane kilo ya samu kusan kalori 29. Matsayin da ake ganin ya wadatar da jikin matashi mai lafiya shi ne kusan 45 a kowane kilo. Kafin wannan yarinya ta kai wurin sai ta ci kalori kusan 2,900. Abin lura shi ne, kalori 2,200 ba ƙaramin abinci ba ne a idon mai kallo. Iyayenta za su ga tana cin abinci kamar kowa, alhali jikinta yana cikin ƙunci.

Wadda ta fi kowa aiki wajen kafa wannan ma'auni ita ce Anne Loucks ta Jami'ar Ohio a Amurka. Kafin bincikenta, yawancin likitoci sun ɗauka wahalar atisaye ce ke ɗauke wa mata 'yan wasa jinin al'ada, ko kuma ƙarancin kitse a jiki. Ita sai ta raba tasirin atisaye da na ƙarancin abinci. Ta sa mata su yi atisaye mai yawa amma a ƙara musu abinci daidai da abin da suka ƙona, sai sinadaran haihuwarsu suka kusan zama yadda suke. Da aka rage abincin, nan take suka rikice. A binciken da ta wallafa a 2003 tare da Jean Thuma, an ajiye mata kwana 5 a kan matakai daban-daban, wato 45 da 30 da 20 da 10, aka ga cewa da zarar an gangara ƙasa da 30, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa don sarrafa ƙwayayen haihuwa yana rage yawan fitowarsa. Kwana biyar kacal. Daga nan lamba 30 ta shahara. Ba iyaka ce da aka shata wa kowa da kowa ba, domin mutane sun bambanta, kuma alamu na nuna jikin namiji yana jure matakin da ya fi wannan ƙasa kafin ya rikice. Amma babban darasin bai sauya ba: laifin na abincin da bai isa ba ne, ba na gudun ba.

Abin da ya sa aka bar tsohon lissafin shi ne jiki ba ya zama ya zuba ido a ƙarar da shi. Halinsa kamar na magidancin da albashinsa ya ragu ne: zai ci gaba da sayen hatsi da biyan haya, amma gyaran rufi da ɗinkin sallah sai a jingine su, har a ƙarshen wata lissafinsa ya daidaita ba tare da bashi ba, ga gida kuma yana lalacewa. Haka jiki ke yi. Yana rage zafinsa, ya sassauta bugun zuciya, ya dakatar da haihuwa, ya jinkirta gyaran ƙashi da tsoka, har abin da yake kashewa ya sauko daidai da abin da ake ba shi. A wannan lokaci sikeli zai tsaya cak, nauyi ba ya raguwa, koci da ɗan wasa su ɗauka komai lafiya. Wannan shi ne kuskure mafi yawa a wannan fage, kuma shi ya sa sikeli kaɗai ba ya isa shaida.

An ga iyakar wannan dabara ta jiki a gwajin yunwa na Jami'ar Minnesota, wanda Ancel Keys ya jagoranta daga 1944 zuwa 1945. Samari 36 ne suka ba da kansu. Bayan wata uku suna cin sama da kalori 3,000 a rana, sai aka rage musu zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, kuma aka wajabta musu tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 35 a kowane mako. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Makamashin da jikinsu ke kashewa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa ƙwarai, ita kanta zuciyar ta ƙanƙance, tunda ita ma tsoka ce. Sun riƙa jin sanyi, ga saurin fushi, sha'awar mata ta ɗauke, tunaninsu duk ya koma kan abinci. Da aka dawo musu da abinci kuma, kitse ne ya riga tsoka dawowa. Babu ɗan wasan da ke shiga irin wannan yunwa da gangan, amma likitan wasanni da ya karanta rahoton, wanda aka buga a 1950, zai gane fuskokin marasa lafiyarsa a ciki.

Tsoka tana shan wahalar giɓi ta fuska biyu: ta fuskar man da take ƙonawa, da ta fuskar kayan da aka gina ta da su.

Ta fuskar farko, jiki yana ajiye sukari a siffar da ake kira gilaikojin, kimanin giram 400 a tsokoki da kusan giram 100 a hanta ga babban mutum da ya ƙoshi. Jimillarsu bai wuce kalori 2,000 ba. Kitse kuwa rumbu ne babba, domin ko siririn ɗan gudu mai kilo 5 na kitse yana ɗauke da sama da kalori 35,000. Matsalar ita ce kitse ba ya ƙonuwa da sauri, kuma yana buƙatar iskar oksijin fiye da sukari kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Duk lokacin da gudu ya yi zafi, sukari tsoka ke nema. Tun a shekarun 1960 masanan Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka riƙa ciro ɗan ƙanƙanin nama daga cinyar masu tuƙa keke da allura suna aunawa, suka tabbatar cewa tsawon lokacin da mutum ke iya jurewa yana tafiya ne da yawan gilaikojin da ya fara da shi. Wannan ne dalilin da ya sa masu gudun fanfalaki da yawa ke durƙushewa tsakanin kilomita 30 da 35, ƙafa ta yi nauyi, kai ya riƙa juyawa. Ɗan wasan da ke cikin giɓi kullum yana wayar gari da rumbun da bai cika ba, saboda haka atisayen da ya kamata ya yi da zafi sai ya yi shi da sanyin jiki, kuma atisayen da aka yi rabi-rabi ribarsa ma rabi ce.

Fuska ta biyu ta fi ɓoyuwa. Tsoka ba abu ne da aka gina sau ɗaya aka gama ba. Kullum ana rushe wani ɓangare na furotin ɗinta, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, ana sake gina shi. Girmanta da ƙarfinta sun dogara ne a kan wanne ya rinjayi wani, gini ko rushewa. Atisaye yana jikkata zaruruwan tsoka, a lokacin hutu kuma jiki ya gyara su ya ƙara musu inganci. Ke nan ba a filin gudu ake samun ci gaba ba, a sa'o'in da ke biye da shi ne. Shi kuwa ginin furotin aiki ne mai tsadar makamashi, don haka yana cikin abubuwan farko da jiki ke ragewa. A cikin ƙwayar tsoka akwai sinadarin da ke sa ido kan yawan mai, idan ya ga ya yi ƙasa sai ya danne hanyar da ke ba da umarnin gini. José Areta da abokan aikinsa sun auna wannan a Ostareliya a 2014. Sun ajiye matasa maza da mata masu atisaye a mataki na 30 har kwana 5, sai ginin furotin na tsoka a lokacin hutu ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. A binciken dai an ga cewa ɗaga ƙarfe sau ɗaya ya mayar da ginin inda yake a da, cin furotin bayan ɗaga ƙarfen kuma ya ɗaga shi sama da haka. Wannan sakamako yana da amfani ƙwarai ga mai gudun dogon zango, wanda sau da yawa yake ƙyamar ɗakin ɗaga ƙarfe don tsoron ƙara nauyi.

Ban da raguwar gini, akwai cin tsokar kanta. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar sukari kimanin giram 120 a rana, kuma jiki ba ya iya mayar da mafi yawan kitse sukari. Idan hanta ta ƙare ajiyarta, sai ta koma ƙera sukari daga wasu abubuwa, ciki har da ɓangarorin furotin da ake ciro su daga tsoka. A gudu na yau da kullum furotin ba ya ba da fiye da kashi 5 cikin ɗari na makamashi, amma idan aka fita da rumbun gilaikojin a bushe, rabon kan kai kusan kashi 10.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba kowane giɓi ne ke cutarwa ba. Ɗan Adam ya rayu dubban shekaru yana farauta da kiwo da tafiya mai nisa da ciki babu komai, kuma tsokarsa ta san yadda za ta yi da gajeriyar yunwa. Idan aka yi atisaye da ƙarancin gilaikojin, ƙwayoyin tsoka sukan ƙara samar da maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke ƙona mai da oksijin, su kuma ƙware wajen amfani da kitse. Wasu kociyoyi suna amfani da wannan da gangan, su sa ɗan wasa ya yi gudu mai sauƙi da safe kafin karin kumallo sau ɗaya ko biyu a mako. Bambancin yana ga tsawon lokaci da zurfin giɓin. Na sa'o'i ko na 'yan kwanaki, wanda aka tsara kuma aka biyo shi da cikakken abinci, jiki yana ɗaukar sa a matsayin horo. Na watanni kuwa, wanda babu ranar cike shi, rushewa yake kawowa. Ko kwamitin Olamfik na duniya a bayaninsa na 2023 ya raba su gida biyu haka: wanda jiki ke iya sabawa da shi, da wanda ya zama matsala.

Umarnin tsuke bakin aljihu da jiki ke bayarwa a lokacin giɓi yana bi ne ta sinadaran homon da ke yawo a jini. Insulin yana sauka, haka ma leptin, wanda kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiya. Homon ɗin T3 na ƙululun tayirod da ke wuya, mai ƙayyade saurin ƙona makamashi, shi ma yana raguwa, kuma shi ya sa irin waɗannan 'yan wasa ke fama da sanyin hannu da ƙafa ko a lokacin zafi. IGF-1, mai taimakon ginin tsoka da ƙashi, yana yin ƙasa, kotizol mai rushe furotin yana hawa. Ga mace istirojin yana faɗuwa, al'ada ta riƙa tsallake wata ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ga namiji testostiron ke raguwa, sha'awa ta yi sanyi, kuma kunya kan hana shi gaya wa kowa.

Ƙashi ne ke biyan farashi mafi tsada. Shi ma kullum ana rushe shi ana ginawa, kuma giɓi yana bugun sa ta gefe biyu: ƙarancin makamashi yana rage gini, ƙarancin istirojin yana ƙara rushewa. A 1984 Barbara Drinkwater ta wallafa binciken da ya girgiza likitocin wasanni, inda ta nuna cewa matasan mata 'yan wasa da al'adarsu ta ɗauke suna da ƙashin baya mai rauni irin na matan da suka girme su da shekaru masu yawa. Sakamakonsa a fili shi ne tsagewar ƙashi, wadda ba faɗuwa ke kawo ta ba, dukan ƙasa ne na dubban taku a kan ƙashin da ba a gyara ba. Takan fito a ƙwauri, ko ƙasusuwan tafin ƙafa, ko ƙugu. Mary Cain, wadda tana 'yar shekara 17 ta wakilci Amurka a gasar duniya ta 2013, ta bayyana a jaridar New York Times a 2019 cewa matsin lambar rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku, kuma ƙasusuwanta biyar suka karye. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne yawancin ƙashin da mutum zai rayu da shi ana tara shi ne kafin shekara 20 ko kusa da haka. Yarinyar da ta shafe shekarun balagarta cikin giɓi ta rasa damar da ba ta dawowa cikakkiya. Duk kocin da ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin alamar yarinya ta ƙware a atisaye, yana cutar da ita ne, ko da bai yi nufi ba.

Jini ma ba ya tsira. Wanda ya rage abinci ya rage sinadarin ƙarfe da ke cikinsa, ga shi bayan atisaye mai tsanani hanta tana fitar da hepsidin, wanda ke toshe shigar ƙarfen daga hanji na wasu sa'o'i. Ƙarancin ƙarfe yana rage jan jinin da ke kai oksijin ga tsoka, kuma a wasan juriya oksijin shi ne komai. Mura da tari sukan yawaita, ciki ya riƙa kumburi ko ya ɗaure, barci ya lalace.

Game da ƙwazo a fili, akwai tarkon da ya kamata a fahimta sosai. Mai gudu yana ɗaukar jikinsa ne a kowane taku, mai keke yana hawa tudu da shi, don haka rage kilo ɗaya ko biyu yakan sa mutum ya ƙara sauri a makonnin farko. Wani ɓangare na wannan nauyi ma ruwa ne, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ɗan wasa ya ga lokacinsa ya gyaru, mutane suna yaba masa, sai ya yanke hukuncin cewa ƙara ragewa zai ƙara sauri. Ribar tana zuwa da wuri, asarar tana zuwa a makare, shi ya sa da wuya a haɗa asarar da musabbabinta. Bayan wata uku ko shida sai ci gaba ya tsaya, gajiya ta ƙi tafiya, raunuka su riƙa biyo juna. Nan kuma a ce atisaye ne ya yi yawa, ko a ce ɗan wasan ya yi lalaci a ƙara masa aiki. Alamomin wuce gona da iri a atisaye da na ƙarancin abinci kusan ɗaya ne, kuma da yawa daga waɗanda aka ce sun wuce gona da iri, abinci ne bai ishe su ba.

Binciken Jaci VanHeest na 2014 ya nuna girman asarar da lambobi. An bi sawun 'yan mata ƙwararrun masu ninkaya na tsawon mako 12, duk suna atisaye iri ɗaya. Waɗanda al'adarsu ke tafiya daidai sun ƙara sauri da kimanin kashi 8 cikin ɗari a tseren mita 400. Waɗanda giɓi ya danne musu homon sun ragu da kusan kashi 10. A wasan da daƙiƙa ɗaya ke raba na ɗaya da na biyar, wannan tazara ta isa ta kawo ƙarshen sana'ar mutum.

Wani lokaci ma kalori sun isa amma abinci mai sitaci ne bai isa ba. Louise Burke ta gwada wannan a cibiyar wasanni ta Ostareliya da ke Kanbera, a binciken da ya fito a 2017. An ɗora ƙwararrun masu tseren tafiya da sauri a kan abinci iri uku har mako uku. Waɗanda aka hana sitaci aka cika su da maiƙo sun ƙware wajen ƙona kitse fiye da duk abin da aka saba gani, amma sun riƙa shan oksijin mai yawa kafin su riƙe saurin da suka saba, kuma lokacinsu a tseren kilomita 10 bai gyaru ba, alhali na sauran ya gyaru.

An daɗe ana ɗaukar wannan matsala ta mata ce kaɗai. A 1992 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta haɗa abubuwa uku a matsayin cuta guda ta mata 'yan wasa: rikicewar cin abinci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. Sai a 2014 kwamitin Olamfik ya faɗaɗa ta ƙarƙashin sunan RED-S, ya shigar da maza, ya kuma lissafa sauran sassan jiki da abin ke taɓawa. Masu tseren keke maza suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, domin suna neman sauƙin jiki don hawan tudu, ga shi keke ba ya dukan ƙashi yadda gudu ke yi balle ya ƙarfafa shi.

Hanyoyin faɗawa giɓi ba ɗaya ba ne. Akwai mai rage abinci da gangan, akwai wanda abin ya zame masa cutar ƙin cin abinci, wadda ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa. Amma da yawa ba su san suna ciki ba. Atisaye mai zafi yana kashe jin yunwa na ɗan lokaci, zafin rana ma haka, kuma yunwar ɗan Adam ba ta hawa daidai da abin da gudu ya ƙona. Wanda ya ce zai ci ne kawai idan ya ji yunwa, sau da yawa zai gaza. Ko zakarun Kenya ba su kuɓuta ba. Binciken Vincent Onywera na 2004 a wani sansanin atisaye ya samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kalorinsu daga sitaci yake fitowa, musamman ugali, wanda tuwon masara ne, da shayi mai madara da sukari, amma duk da haka abin da suke ci a lokacin atisaye mai tsanani bai kai abin da suke kashewa ba. Sai kuma hanya ta ƙarshe, wadda littattafan Turai ba su cika ambata ba: rashin abin hannu. Matashin da ke atisaye a tsaunukan Filato yana shirin gasar fanfalaki ta Legas, wanda zai yi gudu da asuba sannan ya wuce gona ko wurin sana'a, giɓinsa ba na son rama ba ne. Aikin gonar ma yana cin nasa kason, kuma babu wanda ke lissafa shi.

Lokacin cin abinci a cikin yini shi ma yana da tasiri. Binciken da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya a 2018 ya nuna cewa ko da jimillar abincin yini ta yi daidai, 'yan wasan da suka fi daɗewa cikin giɓi a tsakanin sa'o'in rana sun fi yawan kotizol da alamun dannewar jiki. Wannan ya shafi Musulmi ɗan wasa a watan Ramadan kai tsaye, kuma batun ya ja hankalin duniya a 2012 da gasar Olamfik ta Landan ta faɗo cikin azumi. Abin da aka fi gani shi ne mai azumi yana iya riƙe ƙarfinsa idan ya cike abincin yininsa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya mayar da atisaye mai zafi zuwa bayan shan ruwa, ya bar mai sauƙi kafin faɗuwar rana, ya kuma kare barcinsa. Inda ake samun matsala shi ne a cika ciki da ruwa da kunu a buɗa-baki har a kasa cin abinci mai nauyi, sannan a yi sahur da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ci gaba da atisaye kamar ba a azumi har kwana talatin.

Idan akwai buƙatar rage nauyi ta gaskiya, akwai yadda ake yi ba tare da cin tsoka ba. Ina Garthe ta gwada 'yan wasan Nowe a 2011. Waɗanda suka riƙa rage kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako, tare da ɗaga ƙarfe, sun ƙara tsoka suna rage kitse, waɗanda aka sa wa ninkin wannan sauri kuwa ba su ƙara ba. A wani gwaji na 2010 da aka yanke wa 'yan wasa kashi 40 cikin ɗari na abincinsu har mako biyu, masu cin furotin giram 1 a kowane kilo sun rasa kilo 1.6 na jikin da ba kitse ba, masu cin giram 2.3 kuwa kilo 0.3 kawai suka rasa. Ana yin irin wannan ne nesa da lokacin gasa, na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma ba a yi wa yaron da bai gama girma ba. A ranakun atisaye na yau da kullum, shawarar masana ita ce sitaci giram 6 zuwa 10 a kowane kilo ga mai atisayen sa'a ɗaya zuwa uku, furotin kuma giram 1.2 zuwa 2, a rarraba shi cikin yini maimakon a tara shi a abincin dare. A tseren da ya wuce sa'a ɗaya ana shan sukari giram 30 zuwa 60 a kowace sa'a, a mai tsawo ƙwarai har 90. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gwangwanin garin furotin na shigowa da shi. Tuwo da shinkafa da dankali da fura suna ba da sitaci, wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono suna ba da furotin, dabino kuma yana aikin da alewar 'yan tsere ke yi.

Gano matsalar ya fi dogara ga tambaya fiye da na'ura, domin auna abin da mutum ya ci da abin da ya ƙona yana cike da kuskure. Likita yana tambayar mace yaushe rabonta da al'ada, kuma wata uku a jere ba tare da ita ba, in ba ciki ba ne, dalili ne na bincike. Yana kuma tambaya ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin jinin da ƙwayar ke kawowa yana iya rufe matsalar. Yana tambayar namiji game da sha'awarsa, yana duba tarihin tsagewar ƙashi, ya auna T3 da ƙarfen jini, in da hali a ɗauki hoton ƙarfin ƙashi. Bugun zuciya mai sanyi sosai ba koyaushe ne shaidar ƙwarewa ba, tunda yunwa ma tana kawo shi.

Magani shi ne ƙara abinci, ko rage atisaye, ko duka biyun, kuma sassan jiki ba sa farfaɗowa lokaci ɗaya. Rumbun gilaikojin yana cika cikin kwana ɗaya ko biyu. Insulin da T3 da ginin furotin suna gyaruwa cikin kwanaki zuwa makonni. Al'ada takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma sau da yawa sai nauyi ya ƙaru kafin ta dawo, abin da ke da wuyar karɓa ga ɗan wasan da ya saba ganin rama a matsayin nasara. Ƙashi shi ne na ƙarshe. Yana buƙatar shekaru, kuma binciken da Drinkwater ta ci gaba da yi a kan matan da al'adarsu ta dawo ya nuna cewa ƙashin bayansu ya ƙaru da farko, amma bayan shekaru da dama bai kamo na takwarorinsu da al'adarsu ba ta taɓa ɗaukewa ba.